Yadda ake ceto dokin da yunwa da sakaci suka kayar, har ya samu sabon gida

Dokin da aka saya don hawan sallah ko hawan angwanci yakan ga gata na mako biyu ko uku. Ana naɗe kayan ado, sai a mayar da shi turke a bayan gida, mai shi ya koma harkokinsa, yaron da aka bar wa kula da shi ya gaji. Idan rani ya yi nisa, harawa ta yi tsada tsakanin Maris da Yuni, sai ka tarar da shi haƙarƙari a waje, baya duk miki, kofato ya yi zaƙo-zaƙo, dabaibayi ya ci masa ƙafa. Irin wannan doki yana tashi idan an bi shi a hankali. Sau da yawa kuma abin da ke ƙarasa shi shi ne kwanon dawa da dusa da mai tausayi ya cika masa a ranar farko. Shi ya sa mafi yawan bayanin nan ya tsaya a kan kwana goman farko.

Kafin a kwance shi daga turke

Doki dukiyar wani ne, ko da ya wulaƙanta shi. Idan ka kwance shi ba da yardar mai shi ba, kai ne za a kira ɓarawo, kuma dokin zai koma inda ya fito. Ka fara da mai shi, da lalama. Yawanci talauci ne ko rashin sani ko kunyar a ce ya kasa, ba mugunta ba. Kada ka je da taron jama'a, domin mutumin da aka kunyata a gaban maƙwabta ba ya sakin igiya. Idan ya ƙi, ka bi ta mai unguwa ko dagaci, ko limamin unguwa, ko wani dattijo cikin masu dawaki da yake jin nauyinsa. A garin da ke da fada, maganar shamaki, mai kula da dawakin sarki, tana da nauyi a wurin masu doki. Dokar ƙasa ta hana zaluntar dabba, kuma ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha shi ne ƙofar da ake bi idan sulhu ya ƙi.

Ko kyauta ya ba ka, ko sayar maka ya yi, a rubuta. Takarda ɗaya ta isa: kwanan wata, launin dokin da alamominsa, kuɗin da aka biya idan an biya, da cewa mai shi ya saki hannunsa gaba ɗaya, sai sa hannun shaidu biyu. Ka ɗauki hoton dokin ta dama, ta hagu, ta gaba, ta baya, da hoton kowane miki. Bayan wata huɗu, idan ya murmure yana sheƙi, akwai mai dawowa ya ce aro ya bayar. Idan saye ne, kada ka biya kuɗin lafiyayyen doki. Yin haka yana koya wa mutane cewa ramammen doki ma haja ce.

Dubawar farko, a inda yake

Ka tsaya daga nesa tukuna ka kalle shi minti biyar. Yana ɗaga kai idan ya ji motsi? Yana tsaye a kan ƙafa huɗu, ko yana sauke nauyi daga ɗaya? Akwai kashi sabo a kusa, kuma yaya kamarsa? Sannan ka matso ta gefen kafaɗa, kana magana ƙasa-ƙasa, ba ta gaba kai-tsaye ba, ba ta baya ba.

Likitocin dabbobi suna auna ƙibar doki da ma'auni daga 1 zuwa 9, wanda Don Henneke ya tsara a Amurka a 1983. Lafiyayyen doki yana wajen 5: ba ka ganin haƙarƙarinsa amma kana jin su da tafin hannu. A 3, haƙarƙari na bayyane kuma ƙashin gadon baya ya ɗan fito. A 2 da 1, ƙasusuwan ƙugu da na gindin wutsiya da na kafaɗa duk sun tsaya cirko-cirko, wuya ya zama siriri, kitse a ƙarƙashin fata ɗan kaɗan ne ko babu sam. Duk dokin da ke 1 ko 2, da wanda ba a san rabonsa da abinci ba, tsarin ciyarwar da ke ƙasa ya wajaba a kansa.

Zafin jikin babban doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, ana aunawa ta dubura. Bugun jini 28 zuwa 44 a minti, ana jin sa da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Numfashi 8 zuwa 16 a minti idan yana hutawa. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai haske, da danshi. Ka danna da yatsa ka saki, launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashi fari fat alamar ƙarancin jini ne, rawaya kuma alamar shawara, wadda sau da yawa cutar da kaska ke sakawa ce ke kawo ta. Ka tsunkuli fatar wuya ka saki; idan ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Ana buƙatar nauyinsa don abinci da magani, kuma tef ɗin tela ya wadatar. Ka auna zagayen ƙirji daidai inda majayi ke zama, sannan tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. Ka ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Dokin da zagayensa 160 ne, tsawonsa 145, yana da kilo 312 ko kusa da haka. Ka rubuta wannan a littafi, domin duk mako za ka sake aunawa.

Idan ka ga ƙurarraji a jere kamar carbi a ƙafa ko ƙirji ko wuya suna zubar da mugunya, ko majina mai kauri da kumburin maƙogwaro, ko kumburi a ramin da ke saman ido haɗe da zazzaɓi da wahalar numfashi, kada ka kai shi kusa da wasu dawaki, kuma ka kira likita kafin a motsa shi.

Ɗauko shi da wurin saukarsa

Idan tafiyar gajeriya ce kuma yana iya takawa, a ja shi da ragama da sanyin safiya, ana tsayawa yana hutawa, ba mai hawa. Idan da nisa, a sa shi a mota mai shimfiɗar yashi ko buntun shinkafa mai kauri don kada ya zame. A jingina bayan motar da tudu ya shiga da ƙafarsa, kada a ɗaga shi da igiya a ciki. Direba ya tafi sannu, musamman a kwana da wurin birki, domin dokin da ba shi da tsoka ba ya iya riƙe kansa, kuma idan ya faɗi a mota da wuya ya tashi. Wanda ya riga ya kwanta, a mirgina shi kan tamfol mai ƙarfi, mutum shida ko takwas su ja tamfol ɗin, ɗaya yana riƙe da kai a kan matashi. Ba a jan doki ta wuya ko ta ƙafa.

Wurin saukarsa ya kasance da inuwa, da iska, nesa da sauran dawaki, na tsawon mako 3. Bokitinsa, ragamarsa, buroshinsa, duk nasa ne shi kaɗai, kuma mai kula da shi ya gama da lafiyayyu kafin ya zo kansa, ya wanke hannu bayan ya gama. A shimfiɗa masa abu mai laushi da kauri, domin ƙashin ƙugu da na gwiwa suna huda fata idan ya kwanta a kan tsandauri. A cire dabaibayi. Idan da hali a bar shi sake a ɗan fili mai shinge. Idan dole a ɗaure, a ɗaure ta ragama da igiya mai tsawon da zai iya kwanciya ya tashi. Da hunturu a rufa masa bargo ko buhun algarara da dare, saboda ramammen doki ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, kuma rawar sanyi tana cinye ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Dokin da ya kasa tashi da kansa yana buƙatar a juya shi daga gefe zuwa gefe duk bayan awa 4, a tokare shi da buhunan ƙaiƙayi ya zauna a kan ƙirjinsa, a kuma taimaka masa ya miƙe sau biyu ko uku a rana da faffaɗan ɗamara a ƙarƙashin ƙirji da mara. Wanda ya wuce kwana 3 a kwance bai tashi ba, ko wanda ya rasa kusan rabin nauyinsa, da wuya ya rayu. A nan sai a zauna da likita a yi magana ta gaskiya, domin barin dabba tana shure-shure a ƙasa kwana da kwanaki ba jinƙai ba ne.

Ruwa, sannan abinci: kwana goman farko

Ruwa ne farko. Idan ƙishirwa ta daɗe da shi, a ba shi lita 2 zuwa 3, a jira minti 20 ko 30, a sake, har sai ya daina sha da haɗama. Daga nan a bar masa ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana. Doki yana shan kusan lita 5 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a ranar da ba zafi, a bazara kuma ya ninka haka. Al'adar shayar da doki sau biyu a rana ba ta dace da majinyaci ba. Kada a ɗura masa ruwa ko magani da kwalba ana ɗaga masa kai, musamman ta hanci; ruwan yana sauka a huhu ya zama ciwon huhu. Wanda ya kasa sha aikin likita ne, da roba ta hanci zuwa ciki ko ƙarin ruwa ta jijiya.

Ga dalilin da ya sa hatsi ke kashe shi. Dokin da ya daɗe da yunwa jikinsa ya koma cin kitsensa da tsokarsa, kuma gishirin jikinsa, wato fosfaros da fotasiyam da maganiziyam, sun ƙare ko da jini bai nuna ba. Da zarar ya ci dawa ko gero ko masara, sukari ya hau a jini, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don sauke sukarin jini, ya taso da ƙarfi, ya kwashe sukarin tare da ragowar gishirin nan daga jini zuwa cikin tsoka. Zuciya da huhu da ƙoda sai su rasa abin aiki. Mugun abin shi ne ba a ranar yake nunawa ba. Dokin zai ci da marmari, kowa ya yi murna, sai a kwana na 3 zuwa na 5 a ga ya yi laushi, jiki na karkarwa, numfashi na sama-sama, ya kwanta bai ƙara tashi ba. Sai a ce ai dama ya riga ya lalace, alhali abincin ne.

Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun gwada abinci iri-iri a kan dawakin da yunwa ta kama, suka samu busasshen ganyen alfalfa ya fi aminci, saboda sitacinsa kaɗan ne, furotin da gishirin jiki kuma da yawa. Alfalfa dangin wake ce, kuma abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne harawar wake da ta gyaɗa. A zaɓi mai ganye, koriya, mai ƙamshi. A kakkaɓe ƙasa, a tsince kwanson da ke da ƙwayar wake ko gyaɗa a ciki, a jefar da duk damin da ya yi baƙi ko yake warin fumfuna.

Tsarinsu na babban doki ne: gram 450 duk bayan awa 4 a kwana ukun farko, sannan a ƙara a hankali har ya kai kusan kilo 6 a rana a kwana na 6. Dawakinmu sun fi ƙanƙanta, don haka ga wanda lafiyayyen nauyinsa bai wuce kilo 350 ba, a rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kwana na 1 zuwa na 3, gram 350 na harawa duk bayan awa 4, sau shida ke nan, har da tsakar dare. Daga kwana na 4, a riƙa ƙara yawan kowane ci ana rage yawan lokutan, yadda a kwana na 6 zai zama kilo 1.5 sau uku a rana, a tsaya a haka zuwa kwana na 10. Bayan kwana 10, idan kashinsa na fita daidai kuma yana da kuzari, a ba shi harawa da busasshiyar ciyawa mai kyau gwargwadon cinsa.

A sayi ƙaramin sikelin rataye a auna. Dami ba ma'auni ba ne, runguma ma haka. Gram 350 ɗan abu ne, kuma dokin zai cinye cikin minti kaɗan ya bi ka da ido yana haniniya. Nan ne mutane ke karaya. A gaya wa kowa a gidan, har yara da maƙwabta masu kawo ɓawon kankana da ragowar tuwo, cewa mutum ɗaya ne ke ciyar da shi, kuma a rubuta kowane ci a littafi da lokacinsa.

A zuba abincin a komi ko rabin durom, kada a zuba a kan yashi. Dokin da ya yi yunwa a turke ya riga ya lashi ƙasa da yawa, wanda ya yi yawo a bola kuma wataƙila ya haɗiyi leda. Don gane yashi, a ɗebi dunƙulen kashi biyar ko shida da bai taɓa ƙasa ba, a dama da ruwa a cikin farar leda, a rataye minti 15; yashin zai kwanta a ƙasan ledar. Idan ya taru da yawa a nuna wa likita.

A kwanakin nan babu dawa, babu gero, babu masara, babu dusa, babu kunun kanwa, babu sukari ko zuma a ruwa, babu ɗanyar ciyawar fadama. Kanwa da aka saba ba dawaki tana iya sa zawo ga wanda cikinsa ya yi rauni, don haka a jinkirta ta. Gishirin girki kaɗan ya isa, a fara da ƙaramin cokali ɗaya a rana bayan kwana ukun farko, muddin ruwa na gabansa. Safe da yamma a auna zafi da bugun jini. Zawo, kumburin ƙafafu ko na ƙarƙashin ciki, karkarwa, ƙin abinci, birgima da waiwayen ciki da tonon ƙasa, ko bugun jini da ya haura 60, kowanne dalili ne na kiran likita a ranar. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna iya gwajin jini da na kashi, haka ma cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom.

Daga mako na uku zuwa gaba

Ciyawa da harawa su ne ginshiƙi: kusan kilo 2 zuwa 2.5 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a rana. Dawakai da yawa suna murmurewa da wannan kaɗai. Idan bayan mako 4 tef bai nuna ƙari ba, sai a shigo da hatsi, gram 200 safe da yamma, ɓarzajje ko jiƙaƙƙe, domin ƙwayar gero da dawa tana wucewa ta fita a kashi yadda ta shiga. A ƙara kaɗan duk bayan kwana 4, kada ci ɗaya ya wuce kilo 1. Man gyaɗa yana ƙara ƙiba ba tare da haɗarin sitaci ba. A fara da babban cokali 2 a kan abinci, a kai ƙaramin kofi ɗaya a rana cikin mako biyu.

Dusa ita kaɗai ba abinci ba ce. Fosfaros ɗinta ya rinjayi kalsiyam, kuma dokin da ya daɗe a kanta ƙasusuwan fuskarsa suna kumbura, ƙafafunsa su yi rauni. Harawa ce ke daidaita ta. Masara mai fumfuna tana lalata ƙwaƙwalwar doki. Abincin kaji da na kiwon shanu na kamfani kan ƙunshi magungunan da ke tsayar da zuciyar doki, ko kaɗan kada a ba shi. Gyauron dawa, kamar yadda makiyaya suka sani, guba ne.

Dawowar jiki gaba ɗaya tana ɗaukar wata 3 zuwa 5. Ciki ne ke fara cika, gadon baya da cinya su zo daga ƙarshe.

Magunguna, da waɗanda ke kashewa

Kusan duk dokin da aka yi sakaci da shi yana da tsutsar ciki, amma ba a ranar farko ake ba shi maganinta ba. Tsutsa mai yawa idan ta mutu lokaci ɗaya tana toshe hanji ko ta kumbura shi. A jira kwana 10 zuwa 14, ya fara ƙarfi, a kai kashi gwaji idan da hali, likita ya zaɓi magani daidai da nauyin da aka auna. Wanda aka rubuta Ivermectin a kwalinsa, na baki ake ba doki. Na allura da ake yi wa shanu, idan aka yi wa doki a tsokar wuya, yana iya jawo ƙurji mai ruɓar da nama. Wanda aka rubuta Moxidectin bai dace da ramammen doki ba, domin a kitse yake zama, wanda ba shi da kitse kuma sai maganin ya yi masa yawa a jini.

Kaska a cire ta da hannu, a duba cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi. Maganin wankan shanu mai ɗauke da Amitraz yana tsayar da hanjin doki har ya mutu, ko da a fata aka shafa. Allurar sammore da ta cutar kaska suna da ƙarfi a jikin doki, likita ne kaɗai zai yi su bayan gwajin jini. Maganin ciwo irin Phenylbutazone yana lalata ƙoda da tumbin dokin da ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Dexamethasone, wanda wasu ke yi don doki ya yi kumari, yana raunana garkuwar jiki kuma yana iya kawo ciwon kofato.

Abu ɗaya da ba a jinkirtawa shi ne kariya daga tetanos, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe muƙamuƙi. Doki na cikin dabbobin da ta fi kamawa, kuma ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin barga. Duk mai miki ko hudar ƙusa, likita ya yi masa allurar kariya ta gaggawa a ranar farko, daga baya a yi rigakafi sau biyu da tazarar mako 4 zuwa 6.

Miki, kofato da baki

A aske gashin da ke kewaye da mikin, a wanke da ruwan gishiri: ƙaramin cokali 2 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. Sau biyu a rana. Idan da tsutsa a tsince ta tas. Zuma mai kyau tana warkar da miki, a shafa a rufe da tsumma mai tsabta saboda ƙuda, domin ƙuda na saka ƙwayar tsutsar da ke hana miki rufewa duk damina. Baƙin mai, garin batir, toka, kashin shanu da lalas duk suna ƙona naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Mikin ƙasan gwiwa, irin na dabaibayi, yakan yi tsiron nama ya haura fata. A naɗe shi da bandeji, idan ya riga ya haura likita ya yanke. Mikin sirdi a tudun kafaɗa da ke zubar da mugunya ta rami yana iya kaiwa ƙashi, ba na maganin gida ba ne. Sirdi ba ya komawa bayan nan sai fata ta rufe gashi ya fito.

Kofaton da ya yi tsawo ba a mayar da shi daidai a zama ɗaya, saboda jijiyoyin ƙafa sun saba da karkacewar. Mai gyaran kofato ya rage kaɗan duk mako 3 ko 4, daga baya a koma duk mako 6 zuwa 8. Kofato yana tsiro kusan santimita ɗaya ko ƙasa da haka a wata, sabo gaba ɗaya sai wata 9 zuwa shekara. Kullum a ƙwaƙule ƙarƙashinsa. Baƙin ruwa mai wari alamar ruɓa ce daga tsayuwa cikin fitsari, maganinta busasshen wuri da wanki. Idan ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya, kofato da zafi, a janye hatsi nan take, a tsayar da shi a kan yashi mai laushi, a kira likita.

Dokin da ke tauna ciyawa yana zubar da ita a dunƙule, ko ake ganin dogayen zaruruwa a kashinsa, haƙoransa ne suka yi kaifi suna yankar kumatu da harshe. Likita yana goge su da magagari idan dokin ya yi ƙarfi. A duba harshe da dasashin da linzami ke zama a kai, domin linzami mai zobe a hannun mai fizga yana tsaga su. Tsoho mai ƙarancin haƙora a yayyanka masa harawa a jiƙa.

Dawo da amana da aiki

Dokin da aka daka yana kare kansa ne da cizo da harbi, wanda yunwa ta kayar kuma yakan yi laƙwas har a ɗauka mai sanyin hali ne. Halinsa na gaskiya sai ya ƙoshi yake fitowa, wajen mako na 6, don haka kada a bar yara kusa da shi saboda an ga ya yi shiru. Mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, a lokaci ɗaya kullum. A fara taɓa kafaɗa da wuya, a bar kai da kunne da ƙafafun baya sai daga baya. Idan ya janye, a dakata, a sake daga inda ya yarda. Minti 10 sau biyu a rana ya fi awa guda. Bulala ba ta da wuri a nan.

Bayan mako 2, a fara jan sa da hannu minti 5 zuwa 10, ana ƙarawa. Ba a hawansa sai ya kai 4 zuwa 5 a ma'aunin ƙiba kuma baya ya warke. A fara da sirdi kaɗai da shimfiɗa mai kauri, sannan mahayi mara nauyi, tafiya kawai na mako biyu kafin sassarfa. Mahayi da sirdi kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin, wato kilo 70 ga doki mai kilo 350. Sukuwa sai bayan wata biyu da fara hawa.

Zaɓen sabon gida

Ka je gidan da kanka, ba tare da ka sa rana ba. Ka dubi dabbobin da ke wurin, ko da tumaki ne, domin yadda suke haka dokin zai zama. Ka dubi inuwa, ruwa, tsabtar turke, da rumbun harawa. Ka tambaye shi wa zai riƙa ciyarwa idan ya yi tafiya, nawa ya tanada na abinci a wata, da kaka yake sayen harawar shekara ko kullum yake bin kasuwa, kuma wane likita yake kira. Wanda bai taɓa lissafa kuɗin abincin doki a watan Afrilu ba bai shirya ba tukuna. Ka yi hattara da mai neman doki ana saura mako biyu sallah, da mai ba da haya ga samari masu sukuwa a kan kwalta, da dillalin da zai karɓa yau ya loda shi a motar mahauta gobe.

Ka faɗi aibin dokin duka: yana harbi, yana tsoron babur, ƙafarsa ba ta ɗaukar sukuwa, shekarunsa sun ja. Ɓoye aibi shi ke sa a dake shi ko a sayar da shi cikin wata guda. Wanda bayansa ko ƙafarsa ba za su ƙara ɗaukar mahayi ba, a nema masa gidan da aka yarda da hakan tun farko. Goɗiyar da ta sha yunwa kada a kai ta barbara sai ta cika jiki sosai.

A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, mai unguwa na ciki idan zai yiwu: ba sayarwa, ba bayarwa, ba haya sai da saninka, kana da izinin zuwa dubawa, idan ya kasa riƙewa zai dawo maka da shi ba tare da wani zargi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi kare dokin, domin mutum ya fi saurin dawo da abin da ba za a kunyata shi a kansa ba. Ka haɗa shi da littafin dokin mai ɗauke da awon nauyi, ranakun allura da maganin tsutsa da gyaran kofato, da abincin mako guda irin wanda ya saba, don a sauya masa a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Ka koma dubawa bayan mako 2, bayan wata 1, bayan wata 3, sannan sau ɗaya a tsakiyar bazara lokacin da harawa ta fi tsada. Kowane zuwa ka tafi da tef ɗinka, ka auna ƙirjinsa, ka ɗaga shimfiɗar sirdi ka shafa bayansa da tafin hannu.